Toledo ko Ƙurɗuba: Amsa Ga Mai Yini Ɗaya a Madrid

Alhaji, ka ce taron da ya kai ka Madrid, babban birnin Sifaniya, zai bar maka yini guda, kana son ka hau jirgin ƙasa ka je ka ga gari ka dawo ka kwana a masaukinka, amma ka rasa wanne za ka zaɓa tsakanin Toledo da Cordoba, wato Ƙurɗuba. Duka biyun daga tashar Atocha ake tashi, kuma a nan kamarsu ta ƙare.

Toledo a bakin ƙofa take. Jirgin Avant na kamfanin Renfe yana kai ka cikin minti talatin da 'yan kai, kuɗin tikitinsa ba ya hawa da sauka, sai dai ranar Asabar da Lahadi kujeru kan ƙare, don haka ka yanki na zuwa da na dawowa tun da wuri. Garin a kan tudu yake, kogin Tajo ya kewaye shi ta ɓangare uku, lungunansa matsattsu, hawa da gangara ba iyaka. In gwiwa tana damunka, akwai matakala mai tafiya da kanta da ke haurar da mutane sama. Akwai ƙaramin masallacin Bab al-Mardum da aka gina a shekarar 999, yanzu ana kiransa Cristo de la Luz, ga babban cocin garin, ga tsoffin wuraren ibadar Yahudawa. Sarki Alfonso na Shida ya ƙwace garin daga hannun Musulmi a 1085, shi ya sa abin da ya rage na zamaninsu kaɗan ne, sai ka sa ido kafin ka gan shi. Masallacin nan bai fi girman zaure ba, cikin minti goma ka gama dubawa.

Ƙurɗuba kuwa tafiya ce ta gaske. Jirgin AVE mai gudun tsiya yana cin kusan awa biyu, kuɗin ya ninka na Toledo nesa ba kusa ba, kuma yana ƙaruwa in ranar tafiya ta matso. Amma abin da za ka tarar ya isa a yi masa asubanci. Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Musulmin Andalus, ya fara gina babban masallacin garin wajen shekarar 785, waɗanda suka gaje shi suka riƙa faɗaɗa shi. Kana shiga daga farfajiyar bishiyoyin lemo sai ka tsinci kanka cikin ginshiƙai sama da 800, kowane biyu an ɗora musu baka mai hawa biyu, ja da fari, har inda ido ya tsaya. Mihirabin da Halifa Hakam na Biyu ya sa aka yi yana nan da adon zinariyarsa da ayoyin da aka zana a kewayensa. Tun 1236 wurin ya koma coci, daga baya ma aka gina wani coci a tsakiyarsa, kuma ba a barin kowa ya yi salla a ciki. Masu gadi za su tsayar da kai. Ka shirya zuciyarka kafin ka shiga. Wanda ya yi karatun zaure kuma zai ji garin kamar ya san shi, domin nan ne garin Yahaya bn Yahaya al-Laisi, wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa ce malamanmu ke karantarwa, nan kuma aka haifi Ibn Rushd a 1126.

Batun zafi, in a watan Yuli ko Agusta ne, Ƙurɗuba takan wuce digiri 40, Toledo ma ba ta da sauƙi. Abinci kuma ka riƙa tambaya, naman alade yana shiga abin da ba ka zata ba, har miyar wake.

Ni dai in ni ne kai, kuma ban san yaushe zan sake zuwa Sifaniya ba, Ƙurɗuba zan nufa da jirgin sassafe. In kuwa taron naku zai ci safiyar, ko aljihu ya yi sanyi, Toledo ta wadatar. Ka isa Atocha da wuri, ana wuce da jaka ta na'urar bincike, kuma ana rufe ƙofar shiga 'yan mintuna kafin jirgi ya tashi. Allah ya kai ka lafiya.