Ziyolait ko rezin mai ramuka: wanne ya fi kama yuraniyom a cikin ruwa?

Wata 'yar'uwa a wannan zaure, ɗalibar kimiyyar sinadarai a nan Kaduna, ta tambaya ko za ta iya amfani da ziyolait, wanda ake iya sarrafawa daga farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, domin cire yuraniyom daga ruwa, maimakon rezin da sai an shigo da shi daga waje da tsada. Malama, amsar ta dogara ne kan irin ruwan da kike nufi, domin yuraniyom yakan sauya kama gwargwadon abin da ya tarar a cikinsa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa waɗannan kayan suna aiki ne kamar matankaɗi, wato ramukan su ke tare abin da ba a so. Ba haka lamarin yake ba. Ramukan hanya ce kawai da ruwa ke bi ya kai ga wuraren da ke ɗauke da caji, a can ne ake musayar: wani ayon (ƙwayar sinadari mai ɗauke da caji) ya sauka, wani ya hau gurbinsa.

Ziyolait ginin aluminiyom ne da silika, kuma aluminiyom ɗin ya sa jikinsa ke ɗauke da caji negetif, shi ya sa yake riƙe masu caji fositif irin su sodiyom. Idan ruwa yana da ɗan tsami, ƙasa da 5 a ma'aunin pH, kuma babu yalwar salfet ko kabonet, yuraniyom yana zama ne a siffar ayon da ake kira yuranil, mai caji fositif biyu, don haka ziyolait zai iya kama shi. Sai dai ramukan nau'in A, wanda aka fi samu daga farar ƙasa, ba su wuce kimanin nanomita 0.4 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), don haka sun yi wa yuranil ƙunci, kalsiyom da magniziyom suna yi wa yuranil rububin gurbi, sannan asid mai ƙarfi yana zare aluminiyom ɗin har ginin ya rushe.

Rezin kuwa ƙananan ƙwayoyin roba ne, faɗin kowace bai cika wuce milimita ɗaya ba, kuma nau'in da ake amfani da shi a wannan aiki an dasa masa caji fositif a jiki. Wannan ya dace da ainihin halin da ake samun yuraniyom a ciki. A masana'anta, inda ake jiƙa dutsen ma'adini da asid na salfa, yuranil yana haɗuwa da salfet ya koma dunƙule mai caji negetif. A ruwan rijiyar burtsatse mai baikabonet kuma yana haɗuwa da kabonet, nan ma yawanci negetif. Irin waɗannan dunƙule ziyolait zai bar su su wuce, rezin kuwa yana fifita su sosai a kan kuloraid ɗin da yake riƙe da shi. Nau'in rezin mai manyan ramuka, masu kai gomman nanomita, ya fi jure kumbura da motsewa da dattin ruwa, kodayake abin da yake ɗauka a kowace lita bai kai na nau'in da ba shi da su ba. Idan ya cika, sai a wanke shi da ruwan gishiri, ko naitret, ko asid, a tara yuraniyom a ɗan ruwa kaɗan, a sake mayar da rezin bakin aiki sau da yawa. A nan ne tsadarsa take fanshe kanta.

Tarihi ma ya nuna inda masana'antu suka karkata. Afirka ta Kudu ta fara cire yuraniyom da rezin daga ragowar dutsen zinariya a 1952, sannan Kazakistan, wadda ta zama ta ɗaya a duniya wajen haƙo shi tun 2009, da rezin take kama shi daga ruwan asid da ake turawa ƙarƙashin ƙasa a zuƙo.

A ganina, idan bincikenki a kan ruwan sha ne, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a maikurogiram 30 cikin kowace lita, rezin ne zaɓi, sai dai idan za ki sauya cajin fuskar ziyolait da wani sinadari, wanda shi kansa bincike ne mai kyau. Kafin ki taɓa gishirin yuraniyom ko kaɗan ne, ki tuntuɓi malaminki game da ƙa'idojin NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya a Najeriya, domin rezin da ya cika ya zama shara mai tiririn nukiliya wadda ba a zubarwa a bola. Wajen auna samfuri kuwa, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, ba ta da nisa da ke.