Bikin autarmu da muka shirya ta waya a Jidda: abin da ya yi mana rana da abin da ya ba mu kunya

Wata biyu ke nan da muka kai autarmu ɗakinta a Makka, amma har yanzu duk sabgar da na shiga sai wata ta ja ni gefe: ina kuka samo mai lallen nan, wa ya yi muku masa, da gaske ne a waya kuka haɗa komai? Rabin hidimar dai a waya aka yi ta, wannan gaskiya ne. Sai dai ba duk abin da wayar ta kawo mana zan ce wa 'yar'uwata ta bi ba.

A unguwar Karantina ta Jidda aka haife mu. Can idan biki ya taso ba a neman kowa, Inna yaro ɗaya za ta aika gida-gida, kafin la'asar wannan ta shigo da tukunya, waccan da tabarmi, wata ta ɗauki girkin dare a kanta. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashi unguwarmu, ya haɗa da Sabil da Gulail da Bitrumin da wasu da dama, ya watsa mu kamar an jefa dutse cikin tsaki. Mu muka koma Harazat, Gwaggo ta tafi Bahra, wasu suka nufi Makka, wasu suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma Kano da Damagaram. Bikin Auta shi ne na farko a gidanmu tun bayan wannan rabuwa, ni ce kuma babbar ya, nauyin ya faɗo kaina. Ban da waya ban san ta inda zan fara tattaro mutane ba.

WhatsApp ne ya ɗauki kaso mafi girma, kuma shi kaɗai zan yaba ba tare da na ja numfashi ba. Da farko na buɗe guruf ɗaya na zuba kowa, dangin uwa da na uba da ƙawayen amarya, sama da mutum tamanin. Cikin kwana uku maganar launin anko ta kusa haɗa mutane faɗa, kowa na turo hoton atamfar da ta yi mata, saƙon da ya dace a gani ya nutse a ƙasa. Sai na raba biyu. Ƙarami na mutum shida, mu masu yanke shawara da riƙe lissafin gudummawa. Babban kuma na kulle shi yadda ni da ƙanwar Inna kaɗai ke iya turo saƙo. Launin ankon ma da ƙuri'ar nan ta cikin WhatsApp muka raba gardamar: na sa kala uku, aka zaɓa, magana ta mutu.

Saƙon murya ya fi komai amfani. Yawancin ƙawayen Inna ba sa karanta boko, Larabcin ma a baki suka iya shi, amma ba wadda ba ta iya danna ta saurara ba. Inna da kanta ta riƙa ɗaukar muryarta, ta yi sallama, ta ambaci sunan kowace, ta tambayi jikoki, sannan ta faɗi rana. Matan da muka shekara uku ba mu ji ɗuriyarsu ba suka riƙa maido da amsa, wata har da kuka. Haka taswirar wuri. Duk wanda ya san lungunan Harazat da dare ya san istiraha, wato gidan taro na haya, goma za ka wuce duk ƙofarsu iri ɗaya, amma da na tura lokeshan ba wanda ya kira ni yana cewa ya ɓata.

Inda WhatsApp bai isa ba, Gwaggo ce ta nuna mini. Na tura mata katin gayyata mai kyau, an rubuta sunayen ango da amarya da ruwan zinare. Shiru. Da na kira ta sai ta ce, "Ke 'yar nan, ni ba a gayyace ni ba. Hoto dai na gani an turo." Washegari muka ɗauki mota ni da Inna zuwa Bahra da dabino da alawa, muka durƙusa muka gaya mata baki da baki. Ta yi gaskiya, kuma bayan ita sai da muka taka gida bakwai na manya. Wannan tafiya ta Bahra ce ma ta samo mana mai masa, wata dattijuwa a Shara Mansur ta Makka da ba ta da shafi ko ɗaya a intanet. Masarta da miyar taushe suka ƙare tun kafin a taɓa mandin da muka yi oda daga gidan dafa raguna.

Ankon daga Kantin Kwari ya zo. 'Yar kawunmu ta shiga kasuwa ta riƙa ɗauko mana bidiyo, muka zaɓa, aka ba masu zuwa Umarar azumi suka taho da shi. A waya launin ya fito kamar ruwan ƙwai mai duhu, da aka buɗe ƙunshin sai ga shi ya fi karkata ga ruwan goro. Bai ɓata komai ba, amma da leshin amarya ne da an yi baƙin ciki. Duk mai sayen yadi daga nesa ta sa a fitar mata da shi rana a ɗauka, kada ta yarda da hasken fitilar shago.

Snapchat shi ne na biyu a wurina, kuma a ƙasar nan kusan duk mai sana'ar mata a can take. Abin da na so da shi, aikin yini ake ɗorawa, ba a tsaya gyara shi ba, bayan awa 24 kuma ya ɓace. Wadda ba ta da aiki a hannu ba za ta iya cika shi kullum ba. Mai gyaran jikin da muka ɗauka, wata 'yar Sudan ce, sai da na yi mako uku ina kallonta ban ce mata uffan ba. Na ga ɗakin da take aiki, na ga yadda take kwaɓa dilka da halawa, na ga hannayen amare kala-kala, farare da baƙaƙe irin namu, don zanen da ya fito a fatar wata ba lallai ya fito a ta wata ba. Da na yi mata magana, tambayar farko da na yi ita ce me take zubawa a baƙin lalle. Akwai sinadarin rinin gashi da ake kira PPD wanda wasu ke haɗawa don ya yi baƙi wuluk da wuri, kuma yana ƙona fatar wasu har ta kumbura ta yi ruwa. Na taɓa ganin amaryar da ta yi wunin bikinta da hannu a naɗe. Matar ba ta ɓoye mini ba, ta ce kwana biyu kafin ranar za ta ɗiga kaɗan a bayan hannun Auta a gani. Ta zo ta yi, fatar ta ɗan yi ja, nan take ta ce ja za a yi mata zalla. Ranar ƙunshi ta zauna awa huɗu a ƙasa, ƙafar Auta a kan cinyarta, hayaƙin turaren wuta ya cika ɗaki, ba ta ɗaga kai ba sai da za ta yi salla. Kuɗinta ta ci halal.

Instagram kuwa, nan ne na sha ɗaci.

Mai kwalliyar wurin zaman amarya, abin da ake kira kosha a nan, a can na samo ta. Shafi ne tsaf, mabiya dubbai, hotuna kamar a gidan sarauta: fararen furanni sun sauko daga sama, kujera mai ruwan zinare, fitilu a jere. Ta amsa mini da sauri, bakinta da zaƙi, ta ce ranar tawa mutum biyu na nema, in ina so in tura arabun, wato kafin alƙalami, yau. Na tura riyal 1,500, rabin kuɗin ke nan, zuwa asusun wani suna daban da na shafin. Ba takarda, ba rasit, sai "khalas habibti, ki kwantar da hankalinki."

Mun yi da ita za a gama kafawa kafin magariba. Aka yi isha'i ba kowa. Na kira har sau tara. Sai wajen ƙarfe goma wata ƙaramar mota ta tsaya, maza biyu suka sauke kaya a ƙofar ɓangaren mata alhali baƙi sun fara cire abaya, dole aka sake tayar da mutane suka rufa. Furannin roba ne da rana ta cinye, gefensu ya yi ruwan ƙasa. Kujerar akwai tabon shayi a hannunta na dama. Igiyar fitilu uku suka kawo, ɗaya ce ta kama. Na tsaya ina kallon abin, hawaye na zubo mini, don Auta ta fi wata guda tana nuna wa ƙawayenta wancan hoton. Ƙanwar Inna ce ta cire sabon mayafinta ta rufe tabon, ƙawayen amarya suka kwaso furannin da ke kan teburan baƙi suka cusa a gaba. Daga baya wata yarinya ta nuna mini ainihin hoton a Pinterest, na wani biki ne a wata ƙasa daban. Da na yi wa matar magana ta rufe ni.

Abin da na sani yanzu, da na san shi tun farko. Mai sayar da kaya ko aiki ta intanet a Saudiyya ana iya tambayarta lambar rajistar kasuwancinta, a kuma duba ko shagon yana cikin waɗanda aka tantance a dandalin Cibiyar Kasuwanci ta Saudiyya, wanda ya karɓi aikin da dandalin Ma'aruf ke yi a da. Ma'aikatar Kasuwanci tana da layin koke, 1900. Amma in faɗi gaskiya, mata da yawa da suka fi iya aikin bikinmu a gida suke yi, ba su da irin wannan takarda. Irin waɗannan, shaidarsu ita ce bakin mutane. A ce a nuna miki bidiyon aikin da aka yi a makon nan, a ba ki lambar uwar bikin da aka yi wa, ki kira ta. Sunan asusu ya dace da na mai aikin. Arabun kuma kada ya wuce abin da za ki iya haƙura da shi.

Yabon da fitattun masu shafuka ke yi ma a san da wane kunne za a ji shi. Tun 2022 hukuma ta sa sai da lasisin Mausuƙ mutum zai yi talla a shafinsa, riyal 15,000 na shekara uku. Wadda ta biya wannan kuɗi sana'a take yi. In ta ce "wallahi ban taɓa ganin kosha irin wannan ba," aikinta ke nan.

Akwai wata ɓarnar da ba ta kuɗi kai tsaye ba ce, ita ta fi damuna. Mu Hausawan nan biki biyu ke shigo mana waya lokaci guda. Ta nan ana nuno mana na Kano da Abuja, kamu da dina da wunin iyaye mata, kowanne da shigarsa. Ta can ga na Hijaz, milka (ɗaurin aure) da shabka (kai wa amarya kyautar zinare) da daren gumra (daren lalle) da zaffa (rakiyar amarya). Yarinyar da ke kallon duka biyun dare da rana sai ta ga in ba a yi mata duka ba an rage ta. Auta ta zo da jerin taro shida. Baba ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Auta, mijinki albashi yake ɗauka, ni ma haka. Zaɓi uku, in yi miki su da kyau." Ta yi fushin kwana biyu. A ƙarshe aka yi ɗaurin aure, aka haɗa kamu da gumra dare ɗaya, aka yi walima. Cikin duk shafukan da ta bi, ba wanda ya tuna mata da gwajin jini. Kawu ne ya tsaya a kai, ya ce ba a sa rana sai an ga sakamakon sikila, gwajin da ƙasar nan ta wajabta wa 'ya'yanta tun 2004.

Istirahar ma a Instagram na gan ta, amma ita na je da ƙafata. A hoto filin kamar na ƙwallo, a ido bai kai rabi ba. Na sa aka kunna na'urorin sanyaya ɗaki na ɓangaren mata na tsaya minti goma, na leƙa banɗaki, na tambaya ko harajin kashi 15 cikin 100 yana cikin kuɗin da aka faɗa. Ba ya ciki. Daren Alhamis da na Juma'a sun fi tsada saboda hutun mako, muka ɗauki Talata. Ranar kuma a farkon Shawwal muka sa ta, don kafin watan ya ƙare ake fara hana shiga Makka sai da izini saboda aikin Hajji, mu kuwa can za mu kai amarya.

Maganar hoto ita ce ta ƙarshe da ta ba mu wahala. 'Yan'uwa a Kano na ta roƙon a haska musu kai tsaye, a ɓangaren mata kuwa kowa ta cire lulluɓi ta saki jiki, kuma amana ce. Na sanar a guruf tun saura mako: mai ɗaukar hoto mace ɗaya ce, ba a ɗaga waya a ciki. Duk da haka wata yarinya ta ɗora rawar ƙawaye a Snapchat, sai da aka bi ta har mota ta goge. Na Kano mun tura musu hotunan Auta da safe, tana cikin alkyabba, kanta a rufe.

Babban guruf ɗin na yi niyyar rufe shi bayan buɗar kai. Inna ta hana. Na cire makullin, aka sauya masa suna zuwa na tsohuwar unguwarmu. Shekaranjiya a nan aka sanar da haihuwar jikar maƙwabciyarmu ta Karantina, wadda yanzu take Bahra, kuma tuni mutum huɗu suka ce za su zo suna da tukwanensu.