Makarin ƙwari na kan kapo: yana rage shan mai ko yana ƙarawa?

Yayana yana jigilar gero da wake tsakanin Tanout da Damagaram da wata Hilux ɗinsa mai shan gazuwal. Ƙarshen daminar bara ya ce in raka shi wajen masu kayan mota, wai ya gaji da yadda ƙwari da tsakuwa suka cinye masa fentin bakin kapo, wato murfin injin mota. Mai shagon ya sauko da wata doguwar roba baƙa, irin wadda ake kafawa a bakin kapo, ya goge ta da hannun riga, ya ce: "Alhaji, wannan in ka sa, iska zamewa za ta riƙa yi, har mai sai ka ga ya ragu." Yaya ya juyo ya dube ni, ya ce: "Ƙane, kai da ka san lissafi, haka ne?" Amsar da na ba shi ita ce nake so duk mai shirin saye ya ji kafin ya fitar da kuɗinsa.

Wannan roba ba ta rage shan mai. Aikinta shi ne ta tare iska ta cilla ta sama, don ƙwari da ƙananan duwatsu su wuce ba su daki kapo ba. Duk abin da ya tsaya ya tare iska kuwa, injin ne zai biya kuɗin turawa. Kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya sassaƙa gabanta yadda iska za ta bi ta kwanta, kai kuma ka zo ka kafa mata shinge. Abin da ya rage a tambaya shi ne yawan asarar.

A cikin garin Damagaram, daga Birni zuwa Zango ko zagayen kasuwar Dole, ba za ka ga komai ba. A irin wannan gudu nauyin mota da tsaye-tsaye ne ke shan mai. Sai an hau babbar hanya iska take fara magana, domin turjiyarta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in ka ninka gudu sau 2, turjiyar ninkuwa take sau 4. Daga kilomita 90 a awa zuwa 110 kaɗai, ta ƙaru da kusan rabi. Saboda haka wanda makarin zai fi taɓa wa aljihu shi ne mai taka mota a hanyar Maraɗi ko ta Gure.

Ko shi ɗin ma, mu yi lissafi. A ce motarka tana shan lita 10 a kilomita 100, a ce kuma makarin ya ƙara mata kashi 1 cikin 100. Zuwa Maraɗi da dawowa, wajen kilomita 470, ƙarin bai kai rabin lita ba. Iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, in ta tare ka gaba da gaba, ta fi wannan ci nesa ba kusa ba. Shi ya sa direbobi biyu za su yi ta gardama, wannan ya rantse ya ga ƙari, wancan ya rantse bai gani ba, kuma duk gaskiya suka faɗa: bambancin ya yi ƙanƙantar da iska, kaya da ƙafar direba suke rufe shi.

Yanzu ga abin da ke kasuwa. Akwai dogon makari mai miƙewa tsaye. Shi ya fi cilla iska, shi kuma ya fi tare ta. Yakan kawo ƙara ko fito a babban gudu, wani lokacin ya karkatar da ruwan wanke gilashi. Kada kuma a yi tsammanin zai bar gilashin gaba fes. Fara mai nauyi ba ta bin iskar yadda ƙananan ƙwari suke bi, gilashin za ta daka. Akwai gajere mai kwantawa ya bi siffar kapo. Wannan bai cika damun iska ba, yana kare fenti daga tsakuwa, amma gilashi ba ruwansa da shi. Akwai kuma leda mai haske da ake mannawa a kan fentin kanta, wadda ba ta canja siffar mota ko kaɗan, sai dai tana son mai hannu wajen mannawa, in ba haka ba ta yi kumfa, ƙura ta shige gefenta.

Ni gajeren na zaɓa wa Yaya, kuma abin da na fi tsayawa a kai shi ne yadda ake kafa shi. Wani da gam yake zuwa, wani da ƙugiya da noti da ke shiga ramukan ƙarƙashin kapo. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga hanya mai gargada, mai noti ya fi kwantar da hankali. A tabbata akwai 'yan robobin da ke raba shi da fenti, a kuma bar tazarar da ruwa zai ratsa. Na ga wata mota da aka cire wa makari bayan ya daɗe: rairayi ya taru a ƙarƙashi, girgiza ta yi ta goga shi, sai ga dogon layi fari tun daga wannan fitila har waccan, fentin da aka so karewa ya ci. A sayi wanda aka yanka daidai da samfurin motar. Wanda ake cewa yana shiga kowace mota, shi ne yake rawa.

Akwai masu ɗaura raga a gaban lagireto don kada ƙwari su toshe shi. Tunanin mai kyau ne, amma raga mai ƙananan ido tana rage iskar da ke sanyaya inji, ga kaya ga zafin bazara a hanyar Agadas. In za a sa, a sa mai manyan ido, a riƙa wanke ta.

Wanda shan mai ne damuwarsa ta gaske, ya fara da taya da rufin mota. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa akwatin kaya a kan rufi yana rage nisan da lita ke kai mota da kashi 6 zuwa 17 cikin 100 a babbar hanya. Kwatanta wannan da buhunan da muke jibgawa su haura kan direba, tamfol yana kaɗawa. Taya mai ƙarancin iska ma tana ci a ɓoye, kuma aunata a wajen mai faci ba ya ɗaukar minti 5.

Mai son ya gani da idonsa, ya cika tanki maƙil a gidan mai ɗaya, ya rubuta kilomita, ya yi tafiyarsa zuwa da dawowa, ya sake cikawa a famfo ɗaya, ya raba litocin da ya sha da kilomitocin da ya yi. Ya yi haka sau 3 kafin sa makari, sau 3 bayan sawa, da kaya iri ɗaya da gudu iri ɗaya. Yaya yana da ɗan littafi a aljihun mota, a ciki yake rubuta nasa.