Labarin Ƙeyata: Wasiƙa Zuwa ga Ƙanena Kan Dashen Gashi

Assalamu alaikum, ƙanena. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da sauran mutanen gida suna lafiya, kuma zafin Sakkwato yana zuwa muku da sauƙi. Na ga saƙonka da hotunan kanka da ka turo, inda ka ce in binciko maka farashin dashen gashi a Istanbul kafin bikinka, tunda ni na yi kuma ka ga ya yi kyau. Abin da ya sa na jinkirta amsa shi ne, hoton da ka gani na ranar sallah daga gaba aka ɗauke shi, kuma sai da na tsince shi daga cikin hotuna masu yawa kafin in turo muku. Yau labarin ƙeya zan ba ka.

Aikin ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa ganin dashen albasa a fadamar Wurno. Sanƙo irin namu na gado ne, kuma wani sinadari na jikin namiji da likitoci ke kira DHT ne yake tsuke tushen gashin goshi da na tsakiyar kai har ya daina fitowa, amma na ƙeya da na gefen kunne yawanci ba ya jin wannan sinadari. Wani likitan fata na birnin New York mai suna Norman Orentreich ya wallafa a 1959 cewa tushen da aka ciro daga ƙeya yana riƙe halinsa ko an kai shi goshi, kuma a kan wannan aka gina sana'ar gaba ɗaya. Ko dai a yanki fata siririya daga ƙeya a ɗinke wurin, ko a bi tushen ɗaya bayan ɗaya ana cirewa da wani ƙaramin ƙarfe mai huda, kowane tushe ɗauke da sili ɗaya zuwa huɗu. Hanya ta biyu aka yi mini. Inda misalin albasa ya ƙare shi ne, manomi yana iya sake yafa iri badi, amma gurbin da aka cire tushe a ƙeya ba ya sake tofo har abada. Wannan ne abin da na ji da kunnena, na kuma wuce shi kamar ban ji ba.

A nan Birmingham na fara. Hukumar lafiya ta gwamnati ba ta ɗaukar nauyin irin wannan aiki saboda ana lissafa shi cikin kwalliya, don haka asibitin kuɗi na je, na biya kuɗin ganin likita. Mutumin ya shafe kusan awa guda a kaina. Ya duba fatar da madubi mai girmama abu, ya tambaye ni yadda kan Baba yake da na kawunnanmu, ya kuma tambaya ko ina da tabon da ya taɓa tasowa ya yi tudu bayan ciwo ya warke. Na nuna masa na kafaɗata, wanda ka sani. Sai ya ce shekaruna 33 kuma sanƙon bai gama tafiyarsa ba, shawararsa ita ce in yi shekara guda ina shan magani, bayan haka a gwada cire tushe kaɗan a ga yadda fatata za ta warke, in ta yi kyau a dasa kamar 2,000 a kan fam 7,000. Na fito ina ganin ya cika tsada da jan rai.

A daren ranar na tura hotuna uku ta WhatsApp ga wani asibiti a Istanbul, kuma kafin in gama shan shayi amsa ta zo: tushe 4,000, fam 1,800, har da otal na kwana uku, da motar da za ta ɗauko ni daga filin jirgi, da tafinta, da takardar garanti. Babu wanda ya tambayi tabo, babu wanda ya tambayi kan Baba. A watan Oktoban 2022 na tafi.

Gaskiya ɗaya ce, Turkawa sun iya karɓar baƙo. Direba yana tsaye da sunana a allo, otal ɗin tsaf, asibitin ya fi na Birmingham ƙyalli, ana ta kawo shayi a 'yan kofunan gilas. A harabar Masallacin Sultan Ahmet da filin jirgi za ka ga maza da kawuna a naɗe da bandeji suna yawo babu mai kallon su, domin garin ya saba. Akwai kuma ƙwararrun likitoci a can waɗanda suke yin aikin da hannunsu, mutum ɗaya ko biyu a rana, sai dai kuɗinsu ba ya kusa da wanda na biya. Inda na je mu shida ne a safiyar. Likitan ya shigo, ya kama haɓata ya juya fuskata dama da hagu, ya ja layi a goshina da alƙalami, ya tambaya ta bakin tafinta ko ya yi mini. Na ce a ɗan sauko da shi, ya sauko da shi ba musu. Minti goma ke nan, kuma ban sake ganin sa ba sai lokacin hoto. 'Yan mata uku da saurayi ɗaya ne suka yi aikin na awa takwas, ina kwance rub da ciki bayan allurar kashe zafi, ina jin ƙarar ƙarfen a ƙeyata kamar ta keken ɗinki.

A nan ne bambancin gashinmu ya shigo. Gashin Bature ko na Baturke tushensa a miƙe yake a cikin fata, namu kuwa a lanƙwashe yake tun daga ciki, saboda haka ƙarfen da yake shiga a miƙe yana iya datse tushen kafin ya fito da shi, sai dai in mai aikin ya saba da kan baƙar fata kuma yana tafiya a hankali. Tushen da aka datse ya tashi a tutar babu, ya bar ƙeya kuma bai isa goshi da rai ba. Na tuna yadda ɗaya daga cikin 'yan matan ta riƙa ɗaga abin da ta ciro tana nuna wa 'yar'uwarta suna magana ƙasa-ƙasa, tafinta kuma ya fita cin abinci.

Kwanakin farko duk wanda ya yi ya san su. Goshi ya kumbura har kumburin ya gangaro idanu, barci a kishingiɗe, wanke kai da kumfa ba tare da cuɗawa ba, sallah a zaune ina nuni saboda an hana ni sunkuyawa. Bayan kamar kwana goma ɓawon ya zube, cikin wata na biyu gashin da aka dasa ya kakkaɓe kusan duka, abin da yake faruwa ga kowa, sannan sabo ya fara leƙowa a wata na huɗu. Sai an yi shekara ko shekara da rabi ake sanin sakamako. Ka auna wannan da bikinka da ya rage wata biyar. Ka kuma auna cewa ni a cikin sanyin Ingila na yi jinya, kai kuwa za ka koma garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga kabu-kabu, kuma za a hana ka sa hula mai matsewa na wani lokaci tare da hana ka shiga rana. Ban san yadda za ka je gaida surukai a Mabera da kai a buɗe ba.

Ta fuskar addini na tambayi wani malami kafin in tafi, ya ce malamai da yawa sun halatta domin gashin mutum ne ake mayar masa, ya kawo hadisin kuturu da mai sanƙo da makaho na Banu Isra'ila da ke cikin Bukhari da Muslim. Nadamata ba daga nan ta fito ba.

Ta fito ne a Makka, a umarar da na yi a 2024. Bayan na gama sa'ayi na shiga shagon aski a wajen Marwa, na ce a yi mini ƙwal-kwabo da aska kamar yadda muka taso. Mai askin ya kai rabin ƙeya ya tsaya, ya ɗauko ƙaramin madubi ya riƙe mini a baya. Abin da na gani shi ne ɗigo-ɗigo farare, dubbai, sun fito fili a kan baƙar fata kamar tabarmar da gara ta ci, sannan a ƙasa wajen wuya wasu sun taso sun yi tudu irin na kafaɗata. Na mayar da mayafin harami kaina da sauri, ban cire ba har masauki. Tun ranar na gane abin da na sayar. Mai sanƙo a Sakkwato yana da mafita mai arha da mutunci: ya je wurin wanzami ranar Juma'a, a kwashe kan tas, ya kafa hularsa ko ya naɗa rawani, babu wanda zai taɓa tambayar sa. Haka Baba ya rayu. Ni yanzu ba na iya aske ƙeya saboda tabo, ba na iya barin ta ta yi tsawo saboda ta yi sharara, kullum ina tsakiya da kilifa mai lamba biyu.

Gaban ma bai tsaya yadda ka gan shi ba. Layin da na ce a sauko da shi yana nan daram, a miƙe kamar na yaro ɗan shekara 18, amma gashina na asali da ke bayansa ya ci gaba da janyewa kamar yadda likitan Birmingham ya faɗa, har an fara samun fili tsakanin dashen da tsakiyar kai. Da na rubuta wa asibitin da takardar garantina, sun amsa da ladabi cewa in sayi tikiti in dawo su ƙara mini kyauta. Na koma wurin likitan farko, na sake biyan kuɗin gani, ya duba ya ce abin da ya rage a ƙeyar bai kai a sake taɓa shi ba. Bai ce mini ai na gaya maka ba, ya dai rubuta mini allurar da ake yi wa tabon don ya kwanta. Da na haɗa jirgi da magani da waɗannan allurai, arhar nan ta gayyar sayan tsada ce.

Maganin kuwa, ko an yi dashe ko ba a yi ba, shi ne yake riƙe gashin asali, kuma wannan ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a talla. Akwai minoxidil na shafawa, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, ana sayar da shi a kantin magani a nan ba tare da takardar likita ba. Akwai finasteride na sha, wanda Amurka ta amince da shi don sanƙo a 1997, yana rage wancan sinadari na DHT, shi kuma sai da takarda. Duka biyun ranar da ka daina, abin da suka riƙe zai fara zubewa cikin watanni. Tunda aure za ka yi, wajibi ne in gaya maka cewa finasteride yana rage wa wasu maza kaɗan sha'awa, kuma ba a son mace mai ciki ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Kada ka saye shi a hannun 'yan talla a kasuwa. Ka ga likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka nuna masa tabon kafaɗarka idan kana da irin nawa, kuma duk abin da za ka saya ka duba lambar NAFDAC.

Na duba hotunanka da kyau. Shekarunka 27, gefen goshi ne kawai ya fara shiga, tsakiya tana nan, kuma babu likitan kirki da zai iya ce maka ga inda zai tsaya. Idan bayan shekaru ka ga har yanzu kana so, ka nemi wanda zai nuna maka ƙeyar baƙaƙen fata da ya yi wa aiki, a aske, bayan shekara biyu, ka tambaye shi wa zai riƙe ƙarfen da hannunsa kuma mutum nawa yake yi a rana. Kuɗin da ka ce in ranta maka zan turo, amma na lefe ne.

Ka gaida Inna, kada ka nuna mata hoton da na haɗo da wannan wasiƙa. In Allah ya kai mu babbar sallah ina tafe, ka gaya wa wanzaminmu na Ƙofar Rini tun yanzu cewa gemu kaɗai zai gyara mini, kada ya kai aska ƙeyata.