Lauyan da ya riƙe mini dosiyen haɗarin hanyar Takeita: abin da na gani wajensa

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na fara taka ƙafa na koma shago mutane ke tambayata wai ɗaukar lauya da na yi bayan haɗarin nan ya yi amfani ko kuwa zubar da kuɗi ne kawai, to yanzu da dosiye ya rufe kuɗin suka shigo hannu na ce bari in rubuta sau guda kowa ya karanta. Ba zan kama sunan biron lauyan ba tunda akwai inda zan yi kuka da su, babban ofis ɗinsu dai yana Yamai, suna da yaro guda nan Damagaram mai karɓar takardu.

Ni tela ne a kasuwar Dole. Na tahi Maraɗi sayen yadi, kan hanyar dawowa cikin hiyas mun wuce Tasawa lahiya lau, saura kaɗan mu kai Takeita tayar gaba ta fashe, ga gudu ga lodi a sama, motar ta bar gudron ta yi ta juyawa da mu. Ƙafata ta dama ta karye wuri biyu ƙasan gwiwa, wadda nake taka keken ɗinki da ita. Jandarmomi sun zo sun yi aune-aunensu sun rubuta sunayen mutane, aka kwaso mu zuwa asibiti nan Zinder.

Kwana huɗu ina kwance sai ga mutanen mai motar sun zo dubiya, dattawa ne masu mutunci wallahi, sun kawo jika 50 cikin ambulan suka ce a yi haƙuri ƙaddara ce. Kawuna yana wurin ya ce ai ba komi mun yafe, ni ma a raina na yafe don direban nan shi ma yana ɗaki na gaba da kai a ɗaure. Daga nan a gidanmu maganar ta mutu, duk wanda ya ce asurans sai a ce kai kana son ka ci kuɗin jini ne, ko kana son ka kai talaka jastis.

Wani abokina malamin lakwal shi ya matsa mini, ya ce je ka ji dai, ji ba biya ba ne. Yayana ya ɗauke ni da sanduna muka je wajen yaron biron, ya kira maitir ɗin, wato lauyan, ta waya ya sa a sifika. Na ce masa Maitir ni fa na riga na yafe wa direba, ba na son a taɓa shi. Ya ce Malam yafiyarka tana nan daram, ba direba za mu nema ba, mai motar nan duk shekara yana biyan kuɗin asurans tilas, kuma don rana irin wannan ake biyansu, in ka bar su ba direba ka taimaka ba, kamfani ka bar wa. Wannan maganar ita ta kwance mini ƙulli, kuma ita na maimaita wa kawu da dare, ya yi shiru can ya ce to in haka ne ku bi hakkinku ɗana.

Abin da ya fi burge ni da mutumen nan shi ne bai taɓa yi mini romon baka ba. Tun ranar farko ya ce kar in sa ran miliyoyi kamar yadda ake gani a fina-finai, mu a Nijar dokar CIMA ake bi, wato yarjejeniyar asurans da ƙasashen Afirka masu Faransanci suka sa wa hannu a Yaoundé a 1992, kuma cikinta komi an ƙayyade shi da ma'auni, alƙali ma ba ya wuce shi. Ma'aunin nan SMIG ne, mafi ƙarancin albashi, wanda yake jika 30 da 'yan kai tun 2012 kafin a kai shi jika 42 a farkon 2024. Sai ya tambaye ni ko ina da takardar da ke nuna abin da nake samu a shago, irin ta lanho. Ina na ga wannan? Ni da azumi zuwa sallah ina iya samun abin da ya ninka jika 42 sau uku ko huɗu, amma babu inda aka rubuta. Ya ce to babba wanda ba ya iya nuna shaidar samunsa da SMIG ake yi masa lissafin watannin da ya yi kwance, ba yadda za a yi. Raina ya ɓaci sosai ran nan, na yi kwana biyu ban ɗauki wayarsu ba, amma gara da ya faɗa mini tun da wuri da a ce sai ƙarshe in ji.

Aikin da suka yi na zahiri kusan duk na takarda ne. Na farko takardar jandarma wadda suke kira PV, in ba ta ba asurans ba ya ko kallonka. Doka ta ce cikin wata 3 a aika wa kamfanin asurans kwafi, tamu ta makale, yaron biron nan shi ya yi ta zirga-zirga har ta fito, ya kuma gano an rubuta sunana ba daidai da na katin ɗan ƙasa ba, harafi biyu kawai amma ya ce wannan kaɗai ya isa ya kwantar da dosiye wata da watanni, aka gyara. Sai sartifikar likita ta ranar farko, da hotunan ƙashi, da duk resin farmasi. Nan ne na tafka asara da hannuna, don sati biyun farko iyali na sayen magani suna yar da takardun, wa ke tunanin resi mutum na kwance yana nishi? Kusan jika 90 suka tahi haka, asurans ba ya biyan abin da babu shaidarsa. Daga ranar da maitir ya faɗa mini matata ta samu leda guda, ko allurar dala 100 aka saya sai takardarta ta shiga ciki.

Akwai kuma maganar maɗori. Gwaggota ta dage a fitar da ni asibiti a kai ni wajen wani mai ɗori da ta sani wajen Mirya, kuma gaskiya mutanenmu da yawa sun warke a hannun irinsu, ban raina su ba. Maitir bai zagi kowa ba, cewa ya yi Malam jikinka ne kai ke da zaɓi, amma ka sani in ka bar hannun likita babu mai rubuta maka takardar ranar da ƙashi ya kama, babu mai auna nakasar da ta rage, kuma da waɗannan biyun ake lissafi. Na zauna asibiti.

Bayan wata 5 likita ya ce ƙashi ya haɗe, sai kamfanin asurans ya tura ni wajen likitan da ya zaɓa ya auna ni. Doka ta ba su wa'adin da za su kawo tayi, namu ya zo cikin wata na 10 bayan haɗarin, jika 800 da ɗan wani abu. Wallahi da ni kaɗai ne a take zan sa hannu, ga bashin haya, ga yaran shago biyu sun watse, ga kuɗin makarantar yara. Na kira shi na ce Maitir mu karɓa kawai na gaji. Ya ce Malam ba ni sati biyu, kar ka sa hannu kan komi ko da an ce maka takardar shaidar karɓar wasiƙa ce, turo mini hotonta tukuna. Ashe cikin lissafin watannin da na yi kwance wata 3 suka sa maimakon 5, kuɗin raɗaɗin ciwo wanda shi ma yana da matakansa cikin dokar ba su sa shi ba sam, kason nakasa kuma an rage shi ƙasa da abin da hoton ƙashi ke nunawa tunda ƙafar ta ɗan gajarta ina ɗingishi. Ya rubuta musu wasiƙa layi bisa layi da lambobin ayoyin doka, ya nemi a sake awo, aka sake. Ƙarshe aka tsaya kan miliyan 1 da jika 400 da wani abu, ba mu shiga gaban alƙali ba ko sau ɗaya. Ya kuma gaya mini ko bayan sa hannu mutum na da kwana 15 da zai iya warware yarjejeniyar ta wasiƙa in an saɓa wa dokar, bayan nan kamfani na da wata guda ya biya. Namu ya ɗan wuce watan amma ya zo.

To inda zan yi kuka da su. Samun maitir a waya aiki ne, sai ka kira sau biyar ba a ɗauka ba, ka tura saƙo ta WhatsApp ka ga ya buɗe amma amsa sai bayan kwana uku ko huɗu. Akwai lokacin da na yi sati shida cur ban ji komi ba, mutum na zaune gida da ƙafa a miƙe ba aiki, tunani kala-kala ke zo masa, har na fara zargin ko sun haɗa baki da kamfanin ne, Allah ya yafe mini. Da sun riƙa turo ko layi guda duk sati biyu, ko da cewa za su yi ba sabon labari, da hankalina ya kwanta. Ido da ido sau biyu kacal na gan shi, duka ranakun da shari'a ta kawo shi kotun ɗaukaka ƙara ta nan Zinder, sauran duk ta waya, Yamai kuwa kusan kilomita 900 ce ba wurin da mai karaya zai ce bari in leƙa ba. Yawancin lauyoyin ƙasar nan can suke zaune, mu na gabas haka muke fama. Sannan takardunsu duk Faransanci ne, ni ajin firamare na tsaya, sai na bi abokina malamin lakwal ya karanta mini, yaron biron yana jin Hausa sarai amma kullum cikin sauri yake.

Maganar kuɗinsu kuwa ba su ɓoye ba, kuma wannan na yaba. Tun kafin a fara aka rubuta takarda, jika 75 na buɗe dosiye wanda suka yarda in biya kashi uku, sai wani kaso cikin abin da aka samu a ƙarshe. Ranar biya yaron ya zaunar da ni da yayana ya nuna mana abin da ya shigo da abin da aka cire, ba a ƙara ko dala ba kan abin da muka sa wa hannu. Kuɗin buɗe dosiyen nan ya yi mini nauyi lokacin, sai da matata ta sayar da tunkiyarta aka cika kashi na biyu. Wanda ba shi da ko wannan ya fara zuwa jastis ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar gwamnati ce mai taimaka wa marasa hali kan shari'a, ni sai daga baya na ji labarinta bakin maitir ɗin kansa.

In da za a ce in ba su maki cikin 5 zan ba su 4, ɗayan wayar nan da ba su ɗauka ta cinye shi. Mu goma sha wani abu ne cikin motar, waɗanda na sani sun bi dosiyensu har ƙarshe mu uku ne. Akwai wata baiwar Allah 'yar Garin Malam da hannunta ya karye, ta ce mijinta ya hana, na tambayi maitir ya ce doka ta ba da shekara 5 daga ranar haɗari kafin hakkin ya faɗi, kuma sunanta yana cikin PV ɗin nan guda da namu. Na aika matata ta gaya mata, jiya mijin ya zo shago ya karɓi lambar yaron biron. Ni kuma cikin kuɗin na sayi keken ɗinki mai lantarki, don ƙafar dama har yanzu in ta yi awa guda tana takawa sai ta kumbura.