Sharhi kan bututun zuƙe ƙurar katako bayan shekara guda ina aiki da shi

Na yi shekara shida ina aikin kafinta a garejin gidana, wanda tsawonsa mita 7 ne, faɗinsa kuma mita 4, kuma a duk tsawon lokacin nan tsintsiya da wani ɗan ƙaramin injin shara ne kaɗai makamaina na yaƙi da garin katako. Abin da ya sa na sake tunani shi ne tarin da yake kama ni bayan duk ranar da na wuni ina goge katako da samfefa, da kuma ƙurar da nake tararwa ta lulluɓe komai da safe ko da na share wurin tas da daddare. Da na bincika sai na tarar tun a shekarar 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta cikin hanci. Wannan ne ya sa na sayi injin zuƙe ƙura mai ƙarfin doki 2, tare da wani kunshin bututu da aka shirya musamman domin ƙananan shaguna irin nawa. A kan injin ba ni da wani dogon bayani, domin yana yin aikinsa. Bututun ne ya ba ni wahala, kuma shi ne dalilin wannan sharhi.

Kunshin ya zo da bututun roba garai-garai wanda ake hango cikinsa, mai faɗin inci 4, wato milimita 100, da mahaɗai masu siffar harafin T, da gwiwoyi masu kaifin kwana, da ƙyauren iska guda biyar na roba, waɗanda ake buɗe hanyar kowane inji ko a rufe ta da su, sai doguwar tiyo mai lanƙwasuwa da maɗauranta. Dole in yaba wa masu shi a kan sauƙin haɗawa, domin cikin wuni guda na gama kafe shi a bango ni kaɗai, kuma babu wani yanki da ya ƙi shiga ɗan'uwansa. Haka nan kasancewar ana ganin cikinsa abu ne mai amfani ƙwarai, tunda idan ya toshe ba sai an kwance layi duka ana lalube ba. Sai dai kuma ta wannan hasken nasa ne na fara ganin aibinsa da idona.

Injin zarton tebur da yake kusa da injin zuƙar bai ba ni matsala sosai ba. Amma injin ƙanƙare katako, wanda na ajiye a can ƙarshen layi, kimanin mita 8 na bututu da gwiwoyi huɗu tsakaninsa da injin zuƙar, kusan kowane mako sai ya toshe. Ina tsaye ina kallo ɓawon katakon zai taso da gudu, ya rage sauri a gwiwa ta biyu, sannan ya kwanta a cikin bututu kamar yashi a bakin rafi, har ya taru ya rufe hanya. Da farko na ɗora laifin a kan injin, har na fara tunanin mayar da shi, kafin na fahimci cewa irin wannan inji ba ɗaya yake da injin shara ba. Injin shara yana jan iska kaɗan da ƙarfi mai yawa, shi ya sa siririyar tiyo ba ta damunsa. Injin zuƙe ƙura kuwa iska mai yawa yake kwasa amma da ƙarfi kaɗan, don haka duk wani matsi ko kwana ko gargada a cikin bututu sai ya rage masa abin da zai iya ja. Adadin iskar da aka rubuta a jikin kwalinsa kuma yawanci an auna shi ne ba tare da dogon bututu ba, saboda haka ba shi ne abin da zai isa bakin zarto ba.

Lissafin da ya buɗe mini ido ba mai wahala ba ne. Masu wannan sana'a sun daɗe da amincewa cewa iska tana bukatar gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa a cikin reshen da yake hawa sama daga inji zuwa babban layi, da kimanin mita 18 a babban layin da yake kwance, idan ana so ta ɗauki garin katako ba tare da ya zube a hanya ba. A gudun mita 20 a daƙiƙa, bututu mai inci 4 yana ɗaukar iska wajen kubik mita 565 a awa, mai inci 6 kuwa yana ɗaukar wajen 1,270. Mutum zai zaci ƙarin inci 2 ƙaramin abu ne, alhali kuwa filin da iska take bi a cikin bututun ya ninka fiye da sau biyu. Iskar da inci 4 yake iya wucewa da ita ta isa ta kwashe ɓawo da manyan gari idan layin gajere ne, amma ba ta isa ta kamo lallausar ƙurar da take tashi daga bakin zarto ta bazu cikin ɗaki ba, kuma wannan lallausar ita ce mai shiga huhu.

Bayan wata uku na kwance babban layin gaba ɗaya na maye gurbinsa da bututun PVC mai inci 6, irin marar kauri da ake amfani da shi wajen magudanar ruwa. A nan ma na sake yin wani kuskure da ya kamata duk mai niyyar wannan aiki ya sani. Na bar bakin kowane inji a inci 4 kamar yadda ya zo daga masana'anta, ina ganin tunda babban layi ya yi faɗi an gama. Abin da ya faru shi ne ƙaramin bakin ya taƙaita iskar da take shiga, ita kuma da ta faɗa cikin faffaɗan bututu sai gudunta ya faɗi ƙasa da rabin abin da ake bukata, garin katako ya riƙa kwanciya a babban layin fiye da da. Maganin da na samu shi ne na kai inci 6 har gindin injin zarto, na raba shi gida biyu masu inci 4, ɗaya a ƙarƙashin tebur, ɗaya a kan murfin da yake saman ruwan zarton, domin bakin inci 4 guda biyu sun kusa kai girman bakin inci 6 guda ɗaya. Ga injin ƙanƙara kuwa, wanda ba zan iya faɗaɗa bakinsa ba, nakan ɗan buɗe wani ƙyaure da yake bayansa a ƙarshen layi domin ƙarin iska ta shigo ta tura abin da yake ciki. Tun daga ranar bai sake toshewa ba.

Mahaɗan T da suka zo cikin kunshin su ne abin da na fi jin haushinsa, kuma har yanzu ina mamakin yadda ake sayar da su domin wannan aiki. Iskar da ta fito daga reshe takan yi karo da bangon babban layi kai tsaye, ta rikice, ta rasa ƙarfinta kafin ta juya. Na sauya su duka da mahaɗai masu siffar Y, waɗanda reshensu yake shiga a karkace da digiri 45 yana fuskantar inda iska ta nufa. Kowace gwiwa mai kaifin kwana kuma na cire ta na sa gwiwoyi biyu masu digiri 45 da ɗan guntun bututu a tsakaninsu. Wani abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne inda reshe yake fita daga babban layi. Idan ya fita ta ƙasa, duk garin da yake wucewa daga wani inji sai ya riƙa faɗawa ciki yana taruwa a kan ƙyauren da yake rufe, ranar da aka buɗe kuma a tarar da shi cike maƙil. Yanzu rassana duka ta gefe suke fita kafin su gangara.

Tiyo mai lanƙwasuwa tana da daɗin aiki, shi ya sa mutum yake saurin yawaita ta, amma cikinta gargada ne, kuma tana cin ƙarfin iska fiye da santsin bututu nesa ba kusa ba. A haɗina na farko akwai kusan mita 6 nata, yanzu kuwa babu injin da nasa ya wuce mita ɗaya, kuma ina miƙar da ita gwargwadon iko. Na kuma bar miƙaƙƙen bututu na fiye da mita ɗaya kafin a shiga injin zuƙar, domin iska ta daidaita kafin ta isa farfela.

An sha tambayata dalilin da ya sa na zaɓi roba maimakon ƙarfe. Bututun kwano mai kauri ya fi inganci, ba ya tara wutar lantarkin da gogayyar ƙura take haifarwa idan an haɗa shi da ƙasa ta hanyar waya, kuma da shagon kasuwanci nake da shi da shi zan sa. Amma irin siririn kwanon da ake yi domin na'urar sanyaya ɗaki yana iya lotsewa idan aka kunna inji alhali ƙyamaren duka suna rufe, mai kaurin kuma ya fi wahalar yankawa da haɗawa ga mutum ɗaya. PVC ba shi da nauyi, cikinsa santsi ne, kuma zarton hannu ya isa a yanka shi. Aibinsa biyu ne a wurina. Na farko, awonsa bai dace da na ƙyamare da mahaɗan da ake yi domin injin ƙura ba, sai da na riƙa naɗa salatif a wani wuri, a wani wurin kuma in ɗumama bakin bututun a hankali har ya yi laushi ya karɓi ɗan'uwansa. Na biyu shi ne wutar da take taruwa a jikinsa saboda gogayyar ƙura, musamman idan iska ta bushe, wadda takan ja mutum idan ya taɓa shi. Na naɗe layin da wayar tagulla ta waje na haɗa ta da jikin injin, jan ya ragu sosai, ko da yake wuta ba ta bi ta jikin roba, don haka waya ba za ta kwashe ta duka ba.

Ƙyamaren roba na kunshin sun yi wata biyu suna aiki lafiya, daga nan gari ya cika ramin da marufin yake zamewa a ciki, suka daina rufuwa ruf. Ƙyaure huɗu da kowanne yake ɗan yoyon iska daidai suke da ɓarakar da za ta raunana na biyar da ake aiki da shi. Na sauya su da na ƙarfe waɗanda marufinsu yake ratsawa ya fita ta ɗaya gefen yana ture garin da kansa. Wajen haɗa bututun ban sa gam ba, sai salatif na alminiyom a kowace mahaɗa da gajeren sukuru guda biyu, domin dogon sukuru yana leƙawa ciki ya kama ɓawon katako, kuma na gode wa Allah da ban manne su ba, tunda sau biyu ina sauya wa injina wuri.

Gyaran bututu ya tona wani asiri kuma, domin da iska ta ƙaru sai na ga buhun yadin da ya zo da injin yana fitar da wani farin hayaƙi na ƙura duk lokacin da aka kunna shi. Irin wannan buhu ƙurar da ta kai maikiron 30 yake tarewa (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali wadda take ƙasa da maikiron 10 ce take wucewa zuwa huhu, ke nan injin yana tattaro ta daga ko'ina yana sake watsa mini ita a fuska. Na maye gurbin buhun da matatar ƙura mai tace har maikiron 1, na kuma sa mazurarin da yake juya iska kamar guguwa a gaban injin, wanda yake zubar da mafi yawan garin cikin duro kafin ya kai ga matatar. Mazurarin yana ɗan rage ƙarfin ja, amma matatar takan daɗe ba ta toshe ba. Sau ɗaya na shagala duron ya cika har gari ya haura ya cushe matatar, na ɓata rabin wuni ina kakkaɓe ta, shi ya sa na yanka ɗan taga a jikin duron na rufe da roba mai haske.

Akwai inda tsarin bai gamsar da ni ba har yanzu. Zarton yankan kwana yana watsa gari ta baya da ƙarfin da bututu ba ya iya kamawa sai an gina masa akwati, ƙaramin injin samfefa na hannu kuma ya fi jituwa da injin shara saboda ƙanƙantar bakinsa. Ban daina sa takunkumi ba idan ina goge katako, kuma ƙarar injin ta sa dole ina toshe kunne. Ba na kuma barin tartsatsin wasa ƙarfe ya kusanci kowane baki na bututun, a bakin da yake ƙasa inda nake tura shara ma na liƙa maganaɗisu domin ya kama ƙusa kafin ta isa farfela, tunda tartsatsi ɗaya a cikin duro mai cike da busasshen gari yana iya ci a ɓoye har dare.

Hukuncina a kan kunshin shi ne ya dace da wanda yake da inji ɗaya ko biyu a jere kusa da injin zuƙa, wanda kuma burinsa kawai ya rage shara. Wanda yake da injin ƙanƙara a nesa, ko yake neman kare huhunsa daga lallausar ƙura, kwalliya ba za ta biya masa kuɗin sabulu ba, gara tun farko ya zana shagonsa a takarda, ya matso da injin da ya fi fitar da gari kusa, ya sayi inci 6 da mahaɗan Y da ƙyamaren ƙarfe daban-daban. Daga cikin kunshin nawa, abin da ya rage a bango yau shi ne maɗauran tiyo da guntun bututu mai haske guda biyu, waɗanda na bari a rassan injin zarto domin in riƙa ganin yadda gari yake wucewa.