Dashe ko rainon toho: wanne ya fi dawo da daji?

Tun daga Marwa har Kuseri a arewacin Kamaru tambayar ba ta canzawa: Malam, in sayo dashe ne, ko in bar kututturen gona su tofo?

Ta fuskar kuɗi babu haɗi. Dashe sai ka saya, ka haƙa rami, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka yi ta ban ruwa har rani ya wuce. Toho kuwa wuƙa ce jarinsa: ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka sassabe sauran. Saiwarsa ta daɗe a ƙasa, zafin Afrilu ba ya kashe shi.

An kuma gani a ƙasa. Manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar sun dawo da itatuwa a fili kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya tun daga shekarun 1980. Abin da ke tofowa ɗan gida ne: gawo, aduwa, magarya, masu kiran tsuntsaye da zuma. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, dawa ta samu rana da taki.

Darbejiyar titunan Marwa fa, ai dasa ta aka yi, inuwarta ba ta da na biyu. Sai dai kurmin darbejiya zalla ba daji ba ne a wurina.

Mai gona da sauran kututture, ya yi raino. Wanda filinsa ya zama faƙo, ko yake son mangwaro kusa da rijiya, dashe ne nasa.